Ina so in bar Office mara lasisi da Xender, ta ina zan fara?

Mai_Kwafi_Ringim:
Assalamu alaikum. Shagon buga takardu ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Kwamfuta biyu 'yan gwanjo, RAM 4GB, Windows 10, firinta HP P1102. Office kullum sai ya ce ba shi da lasisi, Xender kuma talla ta yi masa yawa. An ce akwai manhajoji na kyauta waɗanda lambobinsu ke buɗe ga kowa. In goge komai in sa Linux?

Injiniyan_Dutse:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka goge komai tukuna. Fara sauya manhajojin a kan Windows ɗin da kake da shi.

Sauke LibreOffice sau ɗaya, bai kai MB 400 ba, ka kwashe a filashi ka sa wa ɗayar. Writer ne madadin Word, Calc madadin Excel. Matsalar farko ita ce yana ajiye takarda a odt, nasa tsarin fayil, ba docx na Word ba, mai takarda ya koma gida wayarsa ta ƙi buɗewa. Shiga Tools, Options, Load/Save, General, ka mayar da ajiyar zuwa docx. A nan ɗin dai ka rage lokacin ajiya ta atomatik daga minti 10 zuwa 3, don in janareto ya mutu ba sai ka sake buga rabin shafi ba.

Ta biyu ta fi cin rai: ɗalibi ya kawo furojet mai shafi 60, ka buɗe ka ga 63, teburi ya tsallaka wani shafin. Yawanci salon harafi ne. In babu Calibri ko Cambria a na'urar, sai ta ɗauko wani mai faɗi daban, layuka su zame. Carlito da Caladea an yi su ne daidai da awon waɗannan biyun, ka tabbatar suna ciki. Wanda bugu kawai yake so, ka ce ya kawo PDF, an huta.

CorelDraw kam kada a yaudare ka. Inkscape, madadinsa na kyauta, na buɗe fayil ɗinsa na cdr, amma sau da yawa rubutu da launi suna hargitsewa. In katin biki da kalanda ne ke kawo maka kuɗi, bar kwamfuta ɗaya da shi.

Malama_Dambatta:
Batun waya, LocalSend, madadin Xender, za ka sa a wayar da kwamfutar duka. Ba ya bukatar data: kunna hotspot, haɗa kwamfutar, su ga juna. In ba su ga juna ba, Windows ne ya ɗauki hanyar a matsayin Public ya toshe ƙofa ta 53317. Mayar da ita Private. Sai dai mai kawo aiki da Xender a wayarsa ba zai sauya don kai ba, a ajiye kebul kusa.

Sauran kuma VLC don bidiyo da karatu, Collabora Office don duba docx a waya, F-Droid kuma shi ne rumbun irin waɗannan manhajoji. Tecno da Infinix suna kashe abin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, aika babban fayil ya yanke a tsakiya. Cire wa LocalSend wannan takunkumi a saitin batir.

Bakanike_Gumel:
Injiniya, na yarda da kai amma da gyara. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma sai da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, wanda tsofaffin nan da yawa ba su da shi. Ko ba yau ba, ɗaya kwamfutar za ta koma Linux Mint Xfce, wani nau'in Linux mara nauyi, 4GB ya ishe shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: sa shi a filashi mai 8GB da manhajar Rufus, tayar da kwamfutar daga filashin ba tare da girkawa ba, ka gwada Wi-Fi da firinta. P1102 tana bukatar ƙarin fayil na HPLIP, manhajar firintocin HP a Linux, da sai an sauke ta intanet, in babu shi za ta karɓi aiki ta yi shiru. Akwai ma allon rubutu na Hausa a cikin Linux Mint, mai ƙ da ɗ da ɓ.

Mai_Kwafi_Ringim:
Allah ya saka da alheri. Takardun mutane da ke kan na'urar fa?

Bakanike_Gumel:
Kwashe su zuwa wani faifan na waje kafin girkawa, ka buɗe biyu ko uku a ɗaya kwamfutar ka tabbatar sun kwafu. Zaɓin Erase disk yana share faifan gaba ɗaya, har da ɓangaren D.