Ohio State da Michigan ranar Asabar: kofin bara ya wanke mana kunya kuwa?

Ɗan Marouaré, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Na san zancen Real da Barcelona ko na Coton Sport aka fi yi a nan, amma yau sai kun yi haƙuri da ni. Ranar Asabar 29 ga Nuwamba, 2025, Ohio State za ta je gidan Michigan a Ann Arbor. Ƙwallon zari-ruga ne irin na Amurkawa, na 'yan jami'a. Ƙanena da ke karatu a Columbus, garin da Ohio State take, shi ya jefa ni cikin wannan wahala a 2021, da ya aiko min da jar rigar ƙungiyar, kuma tun daga lokacin idona bai ga mun ci Michigan ba. A 2021 suka ci mu 42-27. A 2022 suka zo har gida suka yi mana 45-23. A 2023 kuma 30-24.

Ta bara ce ta fi ƙona min rai. Michigan ta zo Columbus an riga an ci ta sau 5 a kakar, kowa na cewa yanka kawai za mu yi. Mai bugunmu ya ɓarar da bugu biyu masu maki uku-uku, mai jefa mana ƙwallo Will Howard ya jefa musu ita a hannu har sau biyu, su kuma saura daƙiƙa 45 suka buga tasu ta shiga, aka tashi 13-10. Daga nan suka ce sai sun kafa tutarsu a tsakiyar filinmu, dambe ya kaure, sai da 'yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa.

To bayan wannan muka je muka ɗauki kofin ƙasa a watan Janairu, muka doke Notre Dame 34-23. Wasu na cewa shi ke nan, magana ta ƙare. Ni wallahi ban ji ta ƙare ba. Tambayata biyu ce. Kofin ya biya bashin Michigan, ko kuwa ni ne ke da gaskiya? Sannan wa ke da wurin kallo mai intanet mai ƙarfi a Garwa? Sha biyun ranarsu za a fara, wato ƙarfe 6 na yamma a nan.

Mai Shayin Domayo, Marwa:

Kai ɗan'uwa, Allah Ya shirye ka. Ƙwallon da ake ɗauka a hannu ana gudu, a ruga taku biyar a tsaya a yi shawara? Na taɓa gwada kalla, shayina ya huce har sau biyu ban gane wanda ke cin wani ba. Kuma tunda ka ce daga zuwan rigar nan ba ku sake ci ba, ai magani a fili yake. Ka ba ni ita in riƙa goge tebur.

Injiniya Kusuri:

Mai Shayi, abin ba wuya. Ana ba ka dama 4 ka matsa yadi 10. In ka yi, a sabunta maka wasu 4, in ka kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ka kai ta ƙarshen fili maki 6, ka buga ta tsakanin sanduna maki 3. Minti 60 ne a agogo, amma da tsaye-tsaye sai ya haura awa 3.

Ɗan Marouaré kuwa, ni ɗan Michigan ne, kuma zan gaya maka gaskiya don in ƙara maka zafi: kai ne ke da gaskiya, kofi bai biya komai ba. Ka duba John Cooper. Ya horar da Ohio State daga 1988 zuwa 2000, ya ci wasanni masu yawa, amma a gabanmu ci 2 kawai ya yi, aka ci shi 10, canjaras 1. Yau in an ambaci sunansa a Ohio wannan lissafin ake fara tunawa. Ryan Day ɗinku, mai horar da ku, zuwa 2024 ci ɗaya gare shi, na 2019, sauran huɗun duk ƙasa ya sha. Gabar nan ta girmi kakanninmu. Tun 1897 ake karawa, kuma ranar farko ma 34-0 muka yi muku. Kafin ƙwallo, a 1835, yankunan biyu, Ohio da Michigan, sai da suka fito da bindigogi kan wani zirin ƙasa da garin Toledo ke ciki. Ohio ta riƙe Toledo, aka lallashi Michigan da yankin arewa.

Game da Asabar, ba na musun kun fi mu 'yan wasa a takarda. Babu wanda ya ci ku bana, mai cafe muku ƙwallo Jeremiah Smith in ya miƙa hannu sama sai dai addu'a, mu kuma mai jefa mana ƙwallo, Bryce Underwood, yaro ne ɗan shekara 18 da ya shigo jami'a bana. Amma wannan wasa ba a sama ake cin sa ba. Sama da shekara 20 ke nan, duk wanda ya fi tara yadi ta hanyar rungumar ƙwallo a ruga da ita, shi ke tashi da nasara. Bara abin da ya kashe ku ke nan: kun nace sai kun ɓalle ta tsakiya, inda ƙartinmu suka fi ƙarfi, kuka bar Smith yana zaman banza. In Day ya sake wannan taurin kan a cikin sanyin Ann Arbor, gaban mutum sama da 107,000, to ka tanadi hankici.

Hajiyar Columbus:

Ƙanena Ɗan Marouaré, sannu da jinya. Ni 'yar Ngaundare ce, aure ya kawo ni nan, kuma ban damu da ƙwallo ba, amma makon nan ko ba ka so sai ta same ka. Duk allon da ke da harafin M a cikin jami'a an bi an liƙe shi da jan salatif. Sunan Michigan ma ba sa kamawa, sai su ce "ƙungiyar can ta arewa". Duk ɗan wasan da aka ci Michigan da shi ana ba shi ɗan ƙaramin wando na zinariya, al'ada ce tun 1934, kuma akwai yaran da suka ɗaga kofin ƙasa suka gama makaranta ba su da ko ɗaya. Maigidana ya ce da aka ci kofin an yi murna sosai, amma ba a yi kwana biyu ba aka koma zancen Nuwamba. Ka gaida mutan gida, ka ce wa ƙaninka ya leƙo ya ci tuwo, miyar kuka ba ta yanke mana ba.

Baba na Foulbéré:

Yaro, filin Roumdé Adjia na nan ƙofar gidanka. Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008, muna nan Al Ahly ta zo garin nan, kuma yau in suna wasa kujeru wayam. Kai kana can kana zubar da hawaye kan garin da ko bizarsa ba ka da ita. Amma dai tambayarka na gane ta. Ka tambayi tsofaffin magoya bayan Canon a Yawunde, ko a shekarun da suke kwasar kofunan Afirka, in Tonnerre ta doke su ba sa iya zama a majalisa. Sannan ƙarfe 6 ɗin nan lokacin Magariba ne, kar in ji an ce an gan ka da waya a sahun baya.

Ɗan Marouaré, Garwa:

Baba, na ji, sai na sallame zan kunna, kuma wasan Coton na gaba tare za mu je, ni zan biya kuɗin mashin. Hajiya na gode, saƙo zai isa. Injiniya, kun yi takwas a jere kuna shan kashi daga 2012 zuwa 2019, wannan ka manta ba ka rubuta ba. Bana masu tsaron bayanmu ba sa barin kowa ya numfasa, kuma Julian Sayin, mai jefa mana ƙwallo bana, ba ya yawan ɓarar da ita. Na ce za mu ci da tazarar maki 10 ko fiye. In ba haka ba, kilishin jaka biyar na hau mota zuwa Kusuri ranar Litinin. Mai Shayi, riga na nan a jikina. Har yanzu dai babu wanda ya ba ni wurin kallo, kuma unguwarmu wuta ba ta da tabbas da yamma. Mai janareto ya yi magana.