Fartanya da Tauraro: musayar baiti a kan jarumtar abokin hamayya
(Fartanya alamar tsohuwar jam'iyyar NPC ce ta Sardauna Ahmadu Bello, mai taken "Salama"; tauraro kuwa alamar abokiyar hamayyarta NEPU.)

Ɗan Fartanya, Sakkwato:
Salamu alaikum 'yan zaure. Amsa-amon yau "ya" ne, mai shiga ya riƙe.

Salama ake kira a gidanmu,
Kakana ya rasu yana ɗan fartanya.
Ba na son NEPU, ba kuwa zan so ta ba,
Ta koya wa yara raina manya.
Amma Gambo Sawaba, na sara miki,
'Yar Zazzau mai taurin zuciya.
An kore ta daga Kano, an ɗaure ta,
Har sau 16, in ji masu ƙidaya.
An aske mata kai da fasasshiyar kwalba,
Ta fito ta hau dandamali, ba ja da baya.
Ƙuri'ar matan Arewa take nema,
Sai a 1976 aka buɗe musu hanya.

Jikar Sawaba, Fagge:
Wa alaikumus salam, Malam. Raina manyan nan dai ban karɓa ba, sauran na karɓa.

Tun 1950 tauraronmu ya fito a Kano,
Don talaka ya daina kwana da igiya a wuya.
Sardaunanku ma ya ɗanɗani kotun sarki,
Kan kuɗin jangali aka yi masa ƙarya.
Ya ɗaukaka ƙara, aka wanke shi,
Da ya hau mulki ya bar mu da alƙalan, ba kunya.
To amma daren 15 ga Janairun 1966,
Sojoji sun far wa gidansa, wuta gaba da baya.
Bai tsallake katanga ba, Gamji ɗan ƙwarai,
Shi da matarsa Hafsatu aka harbe wuri ɗaya.
Ba zan yafe bulalar da kakata ta sha ba,
Amma mutuwarsa ta maza ce, wannan gaskiya.

Baba Mai Carbi, Gusau:
'Ya'yana, ku dakata in sa baki,
Na ga zamanin, ina da tambaya.
'Yan Mahaukata, 'yan bangar NPC, su ma ba su san tsoro ba,
Su ma za ku jera su da Hajiya?
Da gora suke zuwa, hukuma na bayansu,
Ita kuwa bakinta kaɗai gare ta da juriya.

Ɗan Fartanya:
Baba, su kam ban sa su a baitina ba,
Mai dukan mace a taro ba ya cikin ƙidaya.
Ke kuma Jika, na gode da yabon Gamji,
Amma ran zaɓe kada ki jira ni a layi ɗaya.

Jikar Sawaba:
Wa ya gayyace ka? Layinmu ya cika,
Ka gaishe min da Sakkwato, ka sauka lafiya.