Za mu haɗa wa yaran unguwa wajen lilo, ƙarfe ko katako?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku ba mu shawara. Mu matan unguwa ne a nan Gadarif ta Sudan muka fara zuba sanduk, adashe kenan, kan mu yi wa yara wajen wasa a filin da ke gefen makarantar allo, don tunda yaƙin nan ya ɓarke a 2023 baƙi suka cika gari, gida ɗaya sai ka ga yara goma sha, ba inda za su sai bakin titi suna ɗafe wa raksha, babur mai ƙafa uku kenan. Juma'ar da ta wuce mun sai da agashe da ƙosai da zoɓo, 'yan uwa na Jidda ma sun turo nasu ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya. Kuɗin dai ba yawa. Lilo biyu muke so da abin zamiya ɗaya. Maigidana ya ce katako, ni kuma raina ya fi kwanciya da ƙarfe.

Mai Walda:
Wa alaikumus salam Yaya. Katako a ƙasar nan ai kin kai wa gara sadaka ne, damina ɗaya ta cinye gindin. Ku sayi bututun ƙarfe mai kauri. Amma fa abin da ya fi ba ni tsoro ƙasarku ce, baƙar lakar nan ta Gadarif da rani ta tsage har ƙafar yaro ta shige, da damina ta kumbura ta ture duk abin da aka kafa sama-sama. Na taɓa kafa wani da gaggawa, ruwa uku kacal aka yi na dawo na tarar ya karkace kamar raƙumi zai durƙusa, da kuɗina na sake shi. A zurfafa ramin sosai, a zuba tsakuwa a ƙasa sannan kankare, ƙafafun a buɗe su kamar harafin A, a bar sumunti ya yi sati ana ba shi ruwa kafin yaro ya hau. Kuma kar ku ajiye kuɗin kuna jiran ya cika, abin da ya samu ku sayi ƙarfe yau, kin san yadda farashi ke tashi.

Baba Na Kasala:
'Yata, kafin komai ku nemi inuwa. Ƙarfen zamiya da azahar a watan Afrilu ko ƙwai ka fasa a kai sai ya soyu, balle cinyar yaro. In akwai darbejiya a filin to nan ne wajen. Kuɗin lebura kuma kar ku biya, ku kira gayya, nafir ɗin nan dai, samari su haƙa rami ku dafa musu shayi.

Anti Nas:
Ni ta ƙasan nake ji, don mu ake kawo wa yaran da suka faɗo. Ku zuba yashi mai zurfin santimita 30, gaba da bayan lilon kuma a bar fili ninki biyu na tsayinsa, saboda akwai wanda zai yi shillo ya saki hannu, kin san su. Ratar da ke tsakanin sanduna ta zama ƙasa da santimita 9 ko ta wuce 23, in ta faɗa tsakani jiki ya wuce kai ya maƙale. In za ku sa tsofaffin tayoyi a huda su ta ƙasa, ruwa na kwanciya a ciki sauro zai haihu, kuma ba mu manta da zazzaɓin dengi da ya addabi garin nan ba.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri. Wlh ni fenti kawai nake ta lissafi, ja da kore, ban taɓa kawo yashi a rai ba. To zamiyar ta jira, mu fara da lilon. Darbejiya akwai guda ɗaya, amma ƙarƙashinta dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, sai dai in tura maigidan ya je ya roƙe su, ni kam ba zan iya ba.

Baba Na Kasala:
Ya je da goro. Jikokinsu ne za su hau ai.