Musayar waƙa: jiragen yaƙin Faransa samfurin Temerer

Sarkin Ruwa: Salamu alaikum. Ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Jigonmu jiragen ruwan yaƙi masu filafilai, samfurin Temerer, da Sane, mai zana jiragen ruwa, ya tsara wa Faransa a 1782, aka riƙa sassaƙa su a tashoshin ruwa irin su Bares da Tulon.

Gwani Sane ya zana jirgi mai tsawo,
Igwa 74, babu mai karawa.
Daga Bares har Tulon ana ta sassaƙa,
Sun haura 100, zubi guda, ba bambantawa.

Na-Kabara:
Sarkin Ruwa, wai babu mai karawa?
A Tarafalga sun sha kashi, ba musantawa.
Ingila ta kama ta kafa tutarta,
Jirgin da kake wasawa ya koma bawa.

Sarkin Ruwa:
Kamun da suka yi ai shaidata ce, ƙanena,
Wa ke adana abin da ba ya ƙayatarwa?
Je ka tambayi Nelson labarin Redutabul,
Daga kan jigo aka harbo shi, ya faɗi ba tasowa.

Gwaggo Asabe: Allah ya ƙara basira, Sarki! A yaƙin ruwa na Tarafalga, daga kan jigon filafilan Redutabul, jirgin samfurin nan, aka harbo Nelson, kwamandan jiragen Ingila. Kyaftin Luka na Redutabul da mutanensa sun tsaya tsakanin manyan jiragen Ingila biyu har galibinsu suka mutu ko suka jikkata. Na-Kabara, ka ji maza.

Na-Kabara:
Gwaggo, guɗarki ta yi sauri, ki dakata,
Washegari Redutabul ya nitse, ba cetowa.
Nelson ya mutu da nasara a hannu,
Sarkinki kuwa baitinsa ke ɗingisawa.

Malam Tanimu: Nan kam yaron ya yi gaskiya. Sarki, ɗangonka na "daga kan jigo" ya zarce ɗan'uwansa da gaɓoɓi da yawa, ba ya hawa kari. Kuma ta yaya ake rera 74?

Gwaggo Asabe: Malam, kullum kai sai awo. Kawo naka baitin mu gani.

Malam Tanimu: Hajiya, waƙa ba kari ai zance ne.

Ɗan Zinder: Na makara, ku yi haƙuri. Ga nawa a kan Duge-Turuwan, wani jirgin samfurin nan da Ingila ta kama.

Duge-Turuwan da aka kama a 1805,
Sai 1949 aka yi nitsarwa.
Da tutar Ingila da ta Faransa a kansa,
Shekaru 144 katakon Sane na jurewa.

Sarkin Ruwa: Madalla, ɗan'uwa! Na-Kabara, amsa wannan in ka isa.

Malam Tanimu: Kafin ya amsa, Ɗan Zinder, rera mana ɗangon ƙarshen nan da baki, ka turo murya.