Na yi wa iyalina alkawarin hawan Stelvio a keke, yanzu gabana faɗuwa yake

Baban Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekarata 14 a Brescia ta ƙasar Italiya ina aikin kamfanin ƙarfe. Ni keke a jinina yake. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, a kan Raleigh yake kai mu cin kasuwa, ni a ƙarfen gaba, yayana a kariya rungume da buhun gero. Har gobe in na shaƙi warin gam ɗin faci shi nake tunawa. To bara Walid ya dawo makaranta da hoton abokinsa, wai sun hau Stelvio, hanyar kan dutse mai tsayi a arewacin Italiya, da babansa. Yadda yaron ya kalle ni ne ya sa bakina ya suɓuce, na ce bana mu ma za mu, gidan gaba ɗaya. Na riga na biya ɗaki a Prato, ƙauyen da ke gindin dutsen. Yanzu uwarsu ta ga bidiyon hanyar, ko zancen ba ta so a yi. Yaya zan shawo kanta?

Kawu na Bolzano: Wa'alaikumus salam. Ɗana, sau huɗu na hau dutsen nan, saurara. Daga Prato kusan kilomita 24 ne, lanƙwasa 48, kowace da lambarta a jikin dutse, kana ƙirgawa daga 48 har ka sauko 1. Saman mita 2,757 ne. Har ƙauyen Trafoi wasa ne, daga nan ake gane maza. Ku tashi da asuba kafin 'yan babur su cika hanya. Kuma ban da keke mai batir, wannan hawan ƙarya ne.

Maman Ilham: Shekarun yaran nawa? Ita matar ta iya keken ma? Ba ka faɗa ba.

Baban Walid: Walid 15, ƙanwarsa 11. Uwarsu bara ta koya, amma tana ƙoƙari sosai a bakin tafkin Iseo.

Maman Ilham: Bakin tafki! Ku maza halinku ɗaya. Nawa ya zuba kuɗi a keke kamar zai sayi fili, ni shekara 6 rabona da ganin mahaifiyata a Damagaram. In na yi magana ya ce lafiyar jiki ce.

Ɗan Zango: Ku ɗauki hayar mai batir wa Hajiya da yarinyar, magana ta ƙare. Ko ku jira ranar da ake rufe wa motoci hanyar, wajen ƙarshen Agusta. Ni ba hawan nake ji muku ba, gangarowar ce. Yatsun yarinya 'yar 11 a kan birki na tsawon awa, ga sanyi, don a saman ko da bazara dusar ƙanƙara kan zuba.

Kawu na Bolzano: Ranar rufe hanya? Dubban mutane kamar jifan Shaiɗan, nan ne ma za a ture yarinyar. Tun 1825 hanyar nan take, mutane da kekunan ƙarfe suka hau ta. Jaka da rigar sanyi, dabino, ruwa, shi ke nan.

Anti Nas: Yaya, tambaya ɗaya. Kun san rukunin jininsu? Mai sikila bai kamata ya doshi tsayin nan ba, iskar numfashi raguwa take. Ko AS ne, in wahala da ƙishirwa suka haɗu a saman dutse, saifa kan iya samun matsala.

Baban Walid: Yarinyar AS ce kawai, ba ta taɓa kwanciya ba. Sau uku tana hawa jirgi zuwa Kano lafiya lau.

Anti Nas: A jirgi zaune take ana ba ta lemo. Don Allah ka kai ta wurin likitanta tukuna. In yawon iyali kake so, ga hanyar keke ta Val Venosta, daga Malles zuwa Merano kusan duk gangara ce cikin gonakin tuffa, in an gaji a shiga jirgin ƙasa.

Kawu na Bolzano: Wannan ai hanyar tsofaffi ce. Da tsoro irin naku da ba mu ƙetaro teku ba.

Baban Walid: Na gode Anti, amma ba hoton gonar tuffa Walid zai kai makaranta ba. Kuma ba a gane tambayata ba, ni yadda zan lallashi uwarsu na tambaya. Ɗakin ma ba a mayar da kuɗinsa.

Maman Ilham: To ka hau kai da ɗanka mana, su su same ku a bas.

Baban Walid: Na ce gidan gaba ɗaya. A gaban yara na faɗa.

Ɗan Zango: Kawu, afuwan, ina ake samun taya mai sauƙi a wajenku? Tawa ta baya ta cinye.