Masu ƙaramar DSLR (kyamarar hoto da ake canja wa lens), ku zo mu ji yadda kuka kwashe da ita

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka riƙe abin da hannunsu, ba wanda ya kalla a YouTube ba. Ni tela ne, na ɗan tara wasu 'yan canji ina son in sayi kyamara ta hannu irin ƙananan nan na masu koyo, in riƙa ɗaukar kayan da na ɗinka, in Allah ya sa hannu ya faɗa kuma in fara leƙa bukukuwa. An kawo min guda biyu in zaɓa, Canon 1200D da Nikon D3200, kowacce da lens ɗinta 18-55. Abokina kuma sai zuga ni yake wai asarar kuɗi ce, wayar yanzu ta fi su. Na rasa na kamawa wlh. Wanda ya taɓa aiki da irinsu ya faɗa min daɗin da wuyar.

Na Sabon Garin Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanena. D3200 ce kyamarata ta farko kuma har yau tana nan cikin jaka duk da na ƙara wata. Bari in fara da abin da ba wanda ya gaya min, satin farko za ka yi nadama. Ni ranar da na kawo ta gida na sa ta a oto na ɗauki yara a falo da daddare, da na duba sai na ga hoton ya yi wani jaja-jaja, fuska ta yi fari fat saboda ƙaramin filash ɗin kanta, baya kuma duhu ɗum, matata ta ɗauko wayarta ta ɗauka nata ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, ranar ban ci tuwo da daɗi ba. Daga baya na gane ita waya kafin ta nuna maka hoto ta riga ta yi masa kwalliya, ta haɗa hotuna da yawa ta gyara haske ta goge fata, kyamara kuwa abin da ka ba ta shi za ta ba ka. Sai da na zauna na koyi abu uku, ISO wato ƙarfin jin hasken kyamara, da gudun shota wato saurin ƙiftawarta, da buɗin lens wato girman ƙofar da haske ke shiga, sannan na fara ganin amfanin kuɗina.

Kuskuren da na yi da kaina kuma, na ji ana ta yabon lens ɗin 50mm f/1.8 sai na ruga na sayi tsohon mai harafin D don ya fi araha, ban tambayi kowa ba. Ashe jerin D3000 ɗin nan, har da D3200, babu injin fokas mai saita hoto ya fito tar a jikinsu, sai lens mai nasa injin wato AF-S, don haka wata takwas ina murza fokas da hannu kamar mai neman tashar BBC a tsohuwar rediyo. In ka ɗauki D3200 abin da aka rubuta AF-S za ka nema, 35mm f/1.8G ko 50mm f/1.8G. Su kuma sababbin masu AF-P ba sa tafiya da ita, ka kiyaye.

'Yar Tudun Wada:
Malam tela sannu da ƙoƙari. Ni Canon 600D nake riƙewa, wadda 'yan Amurka ke kira T3i, in ka ga an rubuta Rebel a jiki kar ya ruɗe ka kayan can ne kawai sunan ya bambanta, ita 1200D ɗin ma T5 suke ce mata. Yayana ne ya bar min ita da zai tafi karatu, na fara da ɗaukar 'yan gidanmu ranar sallah, yau ga shi ita ke biya min kuɗin makaranta. Aikina duk na mata ne, kamu, sa lalle, walima, buɗar kai, gidajen da ba a yarda namiji ya shiga da kyamara ba, kuma wlh suna da yawa fiye da yadda ake zato.

Abin da ya fi ba ni wuya ba kyamarar ba ce, fararen kaya ne. Mu nan ango da abokansa duk farar shadda, amarya ranar walima farin leshi, fatarmu kuma baƙa ce, to ita kyamara in ta ga fari ya cika wuri sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, shadda ta koma ruwan toka fuska kuma ta nutse. Na sha ƙorafi a kan wannan, akwai uwar amaryar da ta ce min "ke 'yar nan 'yata ba haka take da baƙi ba", kunya kamar in nutse. Maganinsa akwai maɓalli mai alamar +/-, ki ƙara, au ka ƙara kamar ɗaya, sannan ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta taɓa ba, yadda in ka zo gyara za ka iya ɗago fuska ba tare da aikin wuyan rigar ya ɓace ba. Kai da kake tela ma wannan ya fi shafar ka, don in surfanin bai fito ba me ka ɗauka?

Na biyu ɗakunanmu. Ɗakin amarya cike da gado da kujeru da 'yan uwa, ba wurin ja da baya, 50mm a kan ƙananan Canon kamar 80mm yake zama saboda sensa ɗin, wato farantin da ke kama hoton a ciki, ƙarama ce ana ninkawa da 1.6, kai da kafaɗa kawai za ka samu. A cikin ɗaki 18-55 ɗin da ake rainawa shi ke ceto na, in haɗa da filash na waje in harba shi sama ya daki silin ya dawo a hankali. In silin ɗin fari ne ka huta, in kuma irin mai ruwan katako ne ko an yi masa fenti kore to sai addu'a, kowa zai fito da launin silin.

Bakatsine:
Ni fa ina bayan abokinka. 1200D ta fito 2014, D3200 kuma 2012, kana maganar kayan da suka haura shekara 10. Kamfanonin ma sun koma mirrorless, sababbin nan marasa madubi a ciki. Ka ƙara kuɗi ka sayi waya mai kyau ka huta da ɗaukar jaka.

Na Sabon Garin Zariya:
Bakatsine ai komawar tasu ita ce ribar talaka, manya suna ta sakin tsofaffin lens suna sauka hannunmu. Kuma ka je gidan biki da waya ka ce kai ne mai hoto ka ga ko za a ba ka kujera balle kuɗi.

Bakatsine:
Wannan kuma gsky ne, mutanenmu girman baƙin abu a wuya suke biya. Na yi shiru.

Ɗan Ƙofar Nassarawa:
Ni ba sana'a nake da ita ba, sha'awar dawaki ce ta sa na sayi 1200D, daga baya na ƙara lens 55-250 mai jawo nesa. Hawan Daushe na farko da na je da ita na tsaya wajen Ƙofar Kudu tun bayan azahar, na ɗauki hoto ya fi 600, da na dawo gida waɗanda suka yi kyau ba su kai 40 ba. Doki a tsaye da kwalliyarsa, 'yan lifidi, dogarai da jan kaya da kore, duk wannan tana fito da shi tsaf har zaren jikin alkyabba kana gani. Amma da an zo jafi dawaki sun taho a guje sai ta kasa bi, hoto 3 take yi a daƙiƙa, wuraren fokas 9 ne kuma na tsakiya ne kawai na yarda da shi. Shekara ta biyu na canja dabara, na bar fokas a tsakiya, shota 1/1000, na daina bin kowane doki, in zaɓi wuri ɗaya in jira su shigo. Sai ga hotuna. D3200 tana yin 4 a daƙiƙa da wuraren fokas 11, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Babbar ɓarnar da na yi a wurin ita ce canja lens a tsakiyar ƙura. Na cire 55-250 zan sa ƙarami don in ɗauki taron gaba ɗaya, daidai lokacin wata tawaga ta wuce, ƙura ta turnuƙe. Tun daga ranar duk hoton da sama ta fito a ciki sai in ga ɗige-ɗige baƙaƙe a wuri ɗaya, na yi ta goge lens a banza ashe a kan sensa suke. Na kuma ƙara da wauta na hura da baki, yawu ya sauka a ciki, sai da na kai wa mai gyara. Ka sayi 'yar robar nan mai hura iska, kuma lokacin hunturu in ba dole ba kar ka buɗe ta a waje, in dole ne ka juya bakinta ƙasa.

Mai Bidiyon Rigasa:
Tambaya ɗaya, za ka yi bidiyo ko hoto kawai? In da bidiyo a ranka to D3200 tana da ramin sa makirfo, 1200D babu, kuma sauti shi ne rabin aiki. Na taɓa ɗaukar wa'azin walima da makirfon jikin kyamara, abin da ya fito ƙarar janareto ce da kukan yara, malam kuwa bakinsa kawai ke motsi. Sannan ka sani ba irin kyamarar bidiyon da ake kafawa a tafi a ci shinkafa ba ce, D3200 minti 20 take yi ta tsaya sai ka sake dannawa, in ka shagala ana ɗaura aure sai ka tarar ta tsaya tun kafin a ambaci sadaki. Ya faru da ni, sai da na roƙi wani ya tura min na wayarsa na liƙa a tsakiya. In kana ɗauka a ƙarƙashin wutar NEPA kuma ka ga hoton yana rawa wasu layuka suna wucewa, ka sa bidiyon a kan hoto 25 a daƙiƙa da shota 1/50 don wutarmu 50Hz ce, kayan da suka zo daga Amurka sau da yawa a kan 30 ake barin su. Fokas a bidiyo kuwa dukkansu ka koyi yi da hannu kawai, in ka bar mata sai ta yi ta kai da komo.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum ƴan uwa na Najeriya. Ni D3100 gare ni, da ita nake hoton suna da na katin shaida a unguwa, lokacin kokowa kuma in tafi fili. Nawa labarin na kati ne. Na sayi memori a hannun wani mai tebur an rubuta 64GB, araha kamar kyauta, na ɗauki sunan ɗan aminina tun yankan rago har yamma, kyamara tana nuna komai lafiya, da na zo kwashewa rabin hotunan ba sa buɗewa. Ashe jabu ne, cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Waɗannan ƙananan ramin kati ɗaya gare su, in ya tafi ya tafi ke nan. Aminin nawa bai ce komai ba amma matarsa har yau gaisuwarmu sama-sama. Yanzu ƙanana nake saye guda uku, in canja a tsakiyar taro, kuma sabon kati sai na cika shi na kwashe na gani da idona kafin ya je aiki. Batir ma haka, na Nikon ɗin EN-EL14 ne, na 1200D kuma LP-E10, jabunsu sun cika kasuwa, za ka ga ya nuna a cike hoto kaɗan ya mutu, wani ma zafi ya kumbura shi ya ƙi fita. Kar ka bar jaka cikin mota a rana a watan Afrilu, mu nan mun san abin.

Baba Mai Hoto:
Yaro, ni tun zamanin fim nake wannan aiki, lokacin da hoto 36 ne a nadi ɗaya kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke. Duk biyun da aka kawo maka za su yi maka aiki, ka bar zancen wacce ta fi, ka duba wacce ta fi lafiya. Ka je da katinka da rana. Ka ɗauki farin bango ko sama a f/22, wato ka tsuke buɗin lens sosai, ka buɗe hoton ka ga datti. Ka cire lens ka haska shi da tocilan ta baya, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin to fumfuna ce, ta kayan da suka kwana a wuri mai laima, ka ajiye masa abinsa. Ka sa a duba maka adadin harbin shota, ta Nikon yana cikin bayanan hoton, an gina ta ne a kan kamar 100,000, in ta yi kusa da nan ka san tsohuwar mai biki ce ko da jikinta na sheƙi. Ka dubi robar riƙo da dunduniyar ƙasa inda ake ɗaura ta a ƙafa, nan ake gane wadda ta sha wuya. Sannan ka tambayi kanka su wa ke kusa da kai. In masu hoton unguwarku Canon suke riƙewa ka ɗauki Canon, don ranar da batir zai mutu maka a tsakiyar taro wurinsu za ka ara, haka lens, haka caja.

Ɗan Gwammaja:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na bi maganarka na je da tocilan jiya, lens ɗin Nikon ɗin kuwa akwai saƙar gizon nan a gefe, mai shi ya ce wai ba ta fitowa a hoto, na ce to. Canon ɗin tsaf take sai ɗigon datti biyu a hoton sama da na ɗauka, kuma masu hoto biyu da ke layinmu duk Canon ne, don haka ita na ɗauko. Na gwada a kan wata farar shadda da na gama jiya, Anti 'Yar Tudun Wada abin da kika faɗa ne ya faru sak, ta fito ruwan toka, na ƙara ɗaya ta dawo fara. Saura shuɗiyar gezna, ita kuma a shago sai ta fito kamar wani ruwan bula mai ja-ja, mai kayan ya ce ba kalarsa ba ce wannan. Kuma ya ake tura hoton waya tunda ba ta da Wi-Fi?

'Yar Tudun Wada:
Ma sha Allah, Allah ya sa a fara a sa'a. Ƙwan shagonka ne ke ɓata kalar, ka kashe shi ka fito da rigar bakin ƙofa inda inuwa take da safe kafin rana ta yi ƙarfi, WB ɗin kuma, wato saitin daidaita launi, ka cire shi daga oto. Gezna tana da ƙyalli, kar ka harba mata filash kai tsaye. Turawa kuwa ɗan abin karanta kati za ka saya mai shiga gindin waya, masu kayan waya duk suna da shi, ka dai duba bakin cajin wayarka kafin ka biya don ni sai da na koma sau biyu.

Ɗan Ƙofar Nassarawa:
In ka samu 55-250 kafin babbar sallah ka yi min magana mu tsaya tare, amma ka zo da takunkumi da tsohon ƙyalle na rufe kyamarar.