Wane yanki zan kwaikwaya a kan teburin ƙaramin jirgin ƙasa?

Auwalu: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na kammala haɗa teburi mai tsawon mita 3, kuma ƙananan jiragena na kwaikwayo na ma'aunin HO ne, wato 1:87, ma'ana jirgin gaske ya ninka su sau 87 a tsawo. Ina son in sa gadar Ribblehead ta Ingila, da gadar Landwasser ta Switzerland, da kuma kewayen Tehachapi na Kalifoniya, inda dogon jirgi yake zagayowa ya bi ta saman wutsiyarsa. Shin zai dace in haɗa su wuri ɗaya?

Malam Sabo: Wa'alaikumus salam, Malam Auwalu. Ka fara da lissafi tukuna. Gadar Ribblehead tana da baka 24 da tsawon kusan mita 400, wanda a ma'aunin HO ya kai wajen mita 4.6, ke nan ita kaɗai ta zarce teburinka. Landwasser kuwa tsayinta mita 65 ne, saboda haka za ka buƙaci kwari mai zurfin kusan santimita 75 a ƙarƙashin layin. Shawarata ita ce ka zaɓi yanki ɗaya da zamani ɗaya, sannan ka rage abin da ka zaɓa; baka bakwai ko takwas sun isa mai kallo ya gane Ribblehead.

Hajiya Binta: Na yarda da Malam Sabo, amma a ganina ba shahararren gini ne yake nuna wuri ba, ƙasar da ke kewaye da shi ce. Ribblehead tana tsaye ne a fili mai ciyawa, inda bishiyoyi ba su da yawa, ga katangun duwatsu da aka jera ba tare da siminti ba, ga tumaki warwatse. Tehachapi kuma tuddai ne masu busasshiyar ciyawa ruwan ɗorawa, da bishiyoyi jefi-jefi. Idan launin ƙasa da irin rufin gidaje suka saɓa wa yankin, ko gadar ta yi kyau ido ba zai amince ba. Ka tara hotunan wurin na lokaci ɗaya na shekara kafin ka sayi fenti.

Auwalu: Na gode ƙwarai. Zuciyata ta fi karkata ga Landwasser, domin layin yana sauka daga gadar ya shige ramin dutse kai tsaye, kuma hakan zai ɓoye inda jirgin yake juyawa.

Malam Sabo: Zaɓi mai kyau, sai dai ka lura cewa faɗin layin wurin mita ɗaya ne, don haka layin HOm, wato siririn layi na ma'aunin HO da ke kwaikwayon mai faɗin mita ɗaya, da jajayen taragwai irin na wurin za ka nema.